Yadda xjc Ke Mayar da Sikimar XML Azuzuwan Java

xjc wata 'yar manhaja ce da ake kira daga layin umarni na kwamfuta, wato wannan allon da ba shi da hotuna ko maɓallan dannawa, sai dai mutum ya buga umarni da hannu ya jira amsa. Aikinta guda ne. Ana miƙa mata fayil ɗin da ya fayyace yadda wani saƙon XML zai kasance, ita kuma ta rubuta azuzuwan harshen Java waɗanda suka dace da wannan saƙo. Abin da mai rubuta manhaja zai shafe makonni yana bugawa, takan gama shi cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Fahimtar aikinta na bukatar a fara sanin abubuwa biyun da take tsaye a tsakaninsu: sikima a gefe guda, aji a ɗaya gefen.

XML hanya ce ta rubuta bayanai yadda mutum zai iya karantawa, kwamfuta ma ta iya warwarewa. Ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee ya kafa a 1994, ita ta fitar da shi a matsayin ƙa'ida a watan Fabrairun 1998, an kuma tsamo shi ne daga wani tsohon tsari mai suna SGML. A cikinsa kowane bayani yana zaune tsakanin alamar buɗewa da alamar rufewa. Alama ta buɗe da kalmar suna, sunan mutum ya biyo, alamar ta rufe. Wannan ita ce gaɓa guda, kuma gaɓa na iya ɗauke da wasu gaɓoɓi a cikinta, su ma da nasu, har inda bayanin ya kai.

XML bai tilasta wa kowa sunayen alamomi ba. Kowa na iya ƙirƙiro nasa, kuma wannan 'yanci shi ne ya jawo bukatar sikima. Idan kamfanoni biyu za su riƙa musayar saƙo, dole su zauna su amince da waɗanne gaɓoɓi ne za su zo, wace za ta riga wace, wace ce wajibi, wace za a iya bari, wace za ta iya maimaituwa, sannan wane irin abu ne zai shiga cikin kowace. Da farko ana rubuta wannan yarjejeniya da tsarin DTD, amma shi bai san bambancin lamba da kwanan wata ba, kusan komai rubutu ne a wurinsa. A watan Mayun 2001 W3C ta fitar da XML Schema, wanda fayilolinsa ke ƙarewa da haruffan xsd. Shi yana da nau'o'in bayanai na gaske, kuma yana iya gindaya iyaka: kada rubutu ya wuce haruffa kaza, kada lamba ta yi ƙasa da sifili.

Harkar banki ce ta fi nuna nauyin wannan lamari. Ƙa'idar ISO 20022, wadda aka fara wallafawa a 2004, ta tanadi sikima ga kowane irin saƙon kuɗi. Saƙon pain.001 shi ne umarnin da abokin hulɗa ke ba bankinsa na a biya wani. Saƙon camt.053 shi ne bayanin shige da fice na asusu. Saƙon pacs.008 kuwa shi ne wanda banki ke aika wa banki don a tura kuɗin abokin hulɗa, kuma shi ya gaji tsohon saƙon MT103. Kamfanin SWIFT da ke Beljiyam ya fara sauya sheƙa zuwa wannan tsari a biyan kuɗi tsakanin ƙasashe a watan Maris na 2023, ya sa Nuwamban 2025 a matsayin ƙarshen zaman tsohon tsari tare da sabo. Wannan ya shafi duk bankin da ke aika kuɗi ta SWIFT, har da na Najeriya da Nijar da Gana. Sikimar pacs.008 ita kaɗai tana ɗauke da nau'o'i fiye da ɗari, wasu cikin wasu.

A ɗaya gefen akwai aji. A harshen Java, aji shi ne bayanin siffar wani abu: gurabun da yake da su da irin abin da kowane gurbi ke karɓa. Kamar takardar saka kuɗi ce ta banki kafin a cike ta, ga wurin suna, ga wurin lambar asusu, ga wurin adadi. Kowace takarda da aka cike, ita ce abu guda da aka samar daga wannan aji. Manhajar Java da irin waɗannan abubuwa take aiki, don haka duk saƙon XML da ya shigo sai an kwashe abin da ke cikinsa an zuba a gurabun aji, wanda zai fita kuma sai an juya shi ya koma rubutu.

Ana iya yin wannan da hannu, an kuma daɗe ana yi. Da tsarin DOM a ɗora saƙon gaba ɗaya a ƙwaƙwalwar kwamfuta a riƙa bin rassansa ana neman gaɓa da sunanta. Da tsarin SAX a riƙa tarar gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya yayin da ake karantawa. Wahalar ba ita ce babbar illar ba. Illar ita ce sunan gaɓa yana zaune a cikin manhaja a matsayin rubutu zalla, idan aka yi kuskuren harafi guda babu mai tsawatarwa, sai ranar da saƙo na gaske ya iso aka tarar gurbi fayau.

Don toshe wannan ɓaraka aka samar da JAXB a zamanin da kamfanin Sun Microsystems ke riƙe da Java. Sigar farko ta fito a 2003, ta biyu a 2006, kuma ita aka saka cikin Java 6 a ƙarshen wannan shekara. JAXB kashi biyu ne: akwai ɓangaren da ke aiki lokacin da manhaja ke gudana, akwai kuma xjc, wadda ake amfani da ita tun kafin a harhaɗa manhajar.

Umarnin kansa gajere ne. A buga xjc, a bar tazara, a rubuta sunan fayil ɗin sikima, a danna maɓallin shigarwa. Za ta sanar cewa tana karanta sikima, ta sanar cewa tana harhaɗawa, sannan ta jero sunayen fayilolin da ta rubuta. A aikin gaske ana ƙara zaɓi biyu ko uku, kowanne yana farawa da ɗan gajeren layi. Layi da harafin d yana nuna foldar da za a zuba fayilolin, kuma sai an riga an buɗe wannan folda, domin xjc ba ta ƙirƙirar ta da kanta. Layi da harafin p yana ba da sunan ƙunshin da azuzuwan za su zauna a ciki. Layi da harafin b yana nuna wani fayil na daban mai ɗauke da gyare-gyare, wanda bayaninsa ke tafe.

Abin da ke fitowa yana bin ƙa'ida tsayayya. Kowane nau'i mai gaɓoɓi a cikin sikima yana zama aji guda. Kowace gaɓa a cikinsa tana zama gurbi, tare da aikin karanta ta wanda galibi sunansa ke farawa da get, da aikin cike ta wanda ke farawa da set. A saƙon pacs.008 akwai gaɓar MsgId mai ɗauke da lambar shaidar saƙo, sai ta zama getMsgId da setMsgId. A saman kowane aji da gurbi xjc na ɗora alamomi masu farawa da @, waɗanda ke riƙe da ainihin sunan gaɓa da jerin da za ta bi idan aka tashi mayar da ita rubutu. Idan wani nau'i ya faɗaɗa wani a cikin sikima, ajinsa ma yana gadon na farkon. Ribar a nan a fili take: wanda ya rubuta sunan aiki ba daidai ba, manhajar ba za ta ma harhaɗu ba, kuskuren ya tsaya a teburinsa bai kai ga abokin hulɗa ba.

Nau'o'in bayanai ma kowanne da abokin tafiyarsa. Rubutu yana zama String. Ranaku da lokuta suna zama XMLGregorianCalendar. Wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne lamba mai ɗigo, wadda sikima ke kira decimal. xjc tana mayar da ita BigDecimal, kuma wannan zaɓi ne na hankali. Sabon shiga kan ga BigDecimal da nauyi, ba a iya tara shi da alamar tarawa, sai an kira wani aiki, sai ransa ya raya masa ya koma double. Amma double yana ajiye lamba ne a ƙidayar bibbiyu, inda kashi ɗaya cikin goma ba shi da cikakken wakili. Idan aka tara 0.1 da 0.2 da shi, amsar da ke fitowa ita ce 0.30000000000000004. A lissafin saurin mota wannan ba komai ba ne. A asusun da ake tara miliyoyin ciniki kuma ake bukatar kowane kwabo ya daidaita da yamma, ba abin lamunta ba ne. Adadin kuɗi a pacs.008 yana fitowa a matsayin aji mai gurbi biyu: adadin kansa a BigDecimal, da lambar kuɗin ƙasa a String, kamar NGN ta naira ko XOF ta sefa.

Gaɓar da sikima ta yarda ta maimaitu tana zama jeri, wato List, kuma a nan akwai abin da ke rikita mutane da yawa: aikin get yana nan, amma babu set. Da gangan aka yi haka. Abin da get ke miƙowa shi ne ainihin jerin da ke cikin abun, don haka wanda ke son ƙara ciniki sai ya karɓi jerin ya ƙara a kansa kai tsaye. Gaɓar lamba da ba wajibi ba tana zama Integer a maimakon int, domin a iya bambanta sifili da rashin zuwan gaɓar ɗungurungum. Inda kuma sikima ta ƙayyade 'yan kalmomin da kawai aka yarda da su, sai a samu enum. Gaɓar da ke nuna wanda zai ɗauki cajin banki misali ce: zaɓi huɗu ne, DEBT, CRED, SHAR da SLEV, babu na biyar.

Ban da azuzuwan, akan ga ƙarin fayiloli biyu. package-info yana riƙe da mahallin sunan sikimar, wato sunan musamman da ke bambanta ta da sauran sikimomi, ObjectFactory kuma yana ƙera abubuwa, musamman gaɓar da ke saman saƙo. Idan sikima ta ayyana wannan gaɓa da wani nau'i mai suna, kamar yadda ISO 20022 ke yi, ajin ba ya samun alamar cewa shi ne tushe, sai an naɗe shi cikin JAXBElement kafin ya fita, kuma ObjectFactory ne ke yin naɗin. Lokacin gudana, ana gina JAXBContext, daga gare shi a samu Unmarshaller mai mayar da rubutu abu, da Marshaller mai mayar da abu rubutu. Gina JAXBContext na cin lokaci, don haka sau ɗaya ake gina shi a ajiye, kuma ayyuka da yawa na iya amfani da shi lokaci guda. Sauran biyun ba a raba su tsakanin ayyukan da ke gudana tare, kowane aiki ya ɗauki nasa.

Batun sunaye shi ne inda gizo ke saƙa. Idan ba a ba da zaɓin p ba, xjc na ƙirƙirar sunan ƙunshi daga mahallin sunan sikima, idan babu shi kuma ta zuba komai a ƙunshi mai suna generated. Cikin matakan da take bi akwai yanke wutsiyar da ta yi kama da ƙarshen sunan fayil, wato ɗigo da haruffa biyu ko uku. Mahallin sunan saƙon banki yana ƙarewa da pacs.008.001.08, kuma wannan 08 ta ƙarshe ita ce lambar sigar saƙon. xjc na ɗaukar ta a matsayin wutsiyar fayil ta jefar. Sakamakon haka, siga ta 8 da siga ta 10 suna faɗawa ƙunshi ɗaya, kuma da yake gaɓar saman kowane saƙo sunanta Document, na baya yana danne na gaba ba tare da wata hayaniya ba. Maganin shi ne kowace sikima a ba ta ƙunshinta da hannu, da lambar siga a jiki. Wani karon kuma rikicin a cikin sikima guda yake, inda gaɓa da sifa, wato ƙarin bayanin da ake rubutawa a cikin alamar buɗe gaɓa, suka yi suna ɗaya, ko sunaye biyu suka zama iri ɗaya bayan an daidaita manya da ƙananan haruffa. A nan xjc kan tsaya ta ce ta yi karo, ta faɗi layin da abin ya faru.

Jarabar da ke zuwa wa kowa a wannan mataki ita ce ya buɗe fayil ɗin da aka samar ya gyara da hannu. A saman kowane fayil akwai gargaɗi cewa duk gyaran da aka yi zai ɓace idan aka sake harhaɗa sikimar, kuma haka abin yake. Ranar da sabuwar siga ta fito aka sake buga umarnin, gyaran ya zama aikin baban giwa, mai yiwuwa ma wanda ya yi shi ya bar wurin aikin, babu wanda ya san an taɓa yi. Taɓa sikimar ma ba mafita ba ce idan ta wasu ce, domin ita ce yarjejeniyar da ɗaya ɓangaren ke riƙe da ita. Wurin gyara shi ne fayil ɗin da zaɓin b ke nunawa, wanda bisa al'ada ke ƙarewa da xjb. A cikinsa ake nuna wata gaɓa ta hanyar XPath, wato salon nuna wurin gaɓa a cikin XML, a ce ga sunan da za a ba ta a Java, ko a ce duk ranaku a mayar da su sabon tsarin lokaci da ya zo da Java 8 a 2014. Masu aiki da tsari sukan ɗora wannan mataki kan kayan gina manhaja irin su Maven ko Gradle, ta yadda duk lokacin da aka gina manhaja za a sake samar da azuzuwan. Abin da ake adanawa a ma'ajiyar aiki shi ne sikima da fayil ɗin gyara.

Akwai wani abu da ya fi duk waɗannan muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa. Azuzuwan da xjc ta rubuta suna ɗauke da siffar saƙo, amma ba su ɗauke da dukkan dokokinsa. Sikima ta ce MsgId kada ta gaza harafi 1 kada ta wuce 35, a Java kuwa String ce kawai, za ta karɓi haruffa 500 ba ta ce uffan ba. Sikima ta ce lambar kuɗin ƙasa manyan haruffa 3 ce cif, aji zai karɓi kalmar naira a rubuce. Sikima ta ce adadin kuɗi kada ya wuce lambobi 18, biyar kacal bayan ɗigo, kuma kada ya yi ƙasa da sifili, BigDecimal bai san da wannan magana ba. Hatta gaɓar NbOfTxs mai faɗin yawan cinikin da ke cikin saƙo, String take fitowa, saboda sikima ta ayyana ta a matsayin rubutu mai lambobi 1 zuwa 15.

Ƙari a kan haka, tun daga siga ta biyu JAXB ba ya tantance saƙo sai an ce ya yi. Idan gaɓar da bai sani ba ta zo, ya tsallake ta. Idan wadda ta wajaba ba ta zo ba, ya bar gurbin fayau. Idan aka turo kalmar da ba ta cikin enum, gurbin ya zama babu komai, aiki ya ci gaba. An yi wannan sassauci ne don manhaja ta jure ƙananan sauye-sauye, amma ga saƙon kuɗi haɗari ne. Gyaran layuka kaɗan ne: a ɗora fayil ɗin xsd ta hanyar SchemaFactory, a miƙa shi ga Unmarshaller da Marshaller ta aikin setSchema. Daga nan duk saƙon da ya saɓa, mai shiga ko mai fita, za a tare shi a faɗi inda ya saɓa. Wannan na nufin sikima ba ta gama aiki ranar da aka samar da azuzuwa ba, dole ta bi manhajar zuwa inda za ta yi aiki. Ko da hakan, akwai dokokin da sikima irin ta 2001 ba ta iya furtawa, kamar cewa adadin da ke NbOfTxs ya yi daidai da yawan cinikin da ke ƙasa. Irin waɗannan sai mai manhaja ya rubuta da kansa, a wani aji dabam da waɗanda aka samar.

Saƙon da ya fito daga waje kuma ba a karanta shi da ƙofa a buɗe. XML na da hanyar da saƙo zai umarci mai karanta shi ya ɗauko wani fayil ya cusa a ciki, kuma masu kutse na amfani da ita su sace bayanan da ke kan kwamfuta, harin da aka sani da XXE. Ana kashe DTD da ɗauko abubuwan waje a kan mai karantawar tukuna, sannan a miƙa wa Unmarshaller.

Wanda ya girka Java ta zamani ya buga xjc zai iya tarar da kwamfuta ta ce ba ta san wannan umarni ba. Dalili shi ne an yi wa JAXB alamar ritaya a Java 9 a 2017, aka cire shi gaba ɗaya a Java 11 a watan Satumban 2018. Oracle, wanda ya sayi Sun a 2010, ya miƙa wannan ɓangare ga gidauniyar Eclipse, inda ake ci gaba da shi da sunan Jakarta XML Binding, kuma yanzu daban ake sauko da shi. Daga siga ta 3, sunan ƙunshinsa ya tashi daga javax.xml.bind ya koma jakarta.xml.bind. Azuzuwan da tsohuwar xjc ta rubuta ba sa tafiya da sabon ɓangaren gudana, haka ma akasin haka, don haka dole sigar xjc ta dace da sigar da manhajar za ta yi aiki da ita.

Sauran harsuna ma suna da nasu. A dandalin .NET na Microsoft akwai xsd.exe, wadda idan aka ba ta zaɓin classes take rubuta azuzuwan C# ko Visual Basic. Masu C++ suna da CodeSynthesis XSD, mai hanya biyu: ɗaya ta ɗora saƙo duka a ƙwaƙwalwa, ɗaya ta bi shi gaɓa-gaɓa don manyan fayiloli. Masu Python suna da generateDS da xsdata. JAXB na da wata manhajar mai suna schemagen da ke bin hanya a juye, ta karanta azuzuwa ta fitar da sikima. Tana da amfani idan ɓangare guda ne ke da iko da saƙon. Inda ɓangarori da yawa masu harsuna daban-daban za su yi magana da juna, an fi fara rubuta sikima, kowa ya ɗauke ta ya samar da azuzuwansa da kayan aikin harshensa.